Dokina ya daina yarda a taɓa masa kai, halinsa kuma ya sauya: me ke damunsa?

Tambaya daga wani Alhaji a Talata Mafara, Jihar Zamfara: "Likita, ina da ingarma ɗan shekara shida, tun yana dukushi yake hannuna, mai sanyin hali ne har yara suna shiga bargarsa. Tun bayan hawan Babbar Sallah, yau mako uku ke nan, ba ya yarda a sa masa ragama. Da hannu ya doshi kunnensa na hagu sai ya ɗaga kai ya ja da baya har igiya ta nemi tsinkewa. Yana cin dusa, amma harawa sai ya tauna ya zubar. Shekaranjiya ya ciji yaron da ke kula da shi a kafaɗa. Wasu sun ce ƙoshi ne a ba shi bulala, wasu sun ce baki ne ya kama shi a wurin hawa. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma ba dokin sauƙi. Kafin komai ina roƙonka da a ajiye bulalar nan. Dokin da ya yi shekara shida yana miƙa kansa a sa masa ragama, sa'an nan cikin 'yan kwanaki ya koma gudun hannu, kuma a gefe guda kawai, ciwo yake ji a wani wuri. Da ƙoshi ne ko taurin kai, da ba zai bambanta kunnen hagu da na dama ba, kuma da ba zai riƙa zubar da harawa ba. Duka zai ƙara masa tsoro a kan ciwon da yake ciki, kuma ko bayan ya warke tsoron hannun nan yana iya zama masa ɗabi'a ta dindindin. Addu'ar neman tsari daga baki abu ne mai kyau a ci gaba da yi, amma kada ta hana a duba jikin dabbar.

Zan fara da abin da ya fi haɗari, ko da yake ba shi na fi zato ba. Duk lokacin da doki ya sauya hali ba zato ba tsammani har ya kai ga cizo, wajibi ne likita ya tuna da cutar haukan kare, domin tana kama doki, kuma ba ta da magani da zarar alamunta sun bayyana. Yawanci takan ɗauki makonni bayan cizon kare kafin ta fito, wani lokaci har watanni, kuma sau da yawa mai doki bai ma san an ciji dabbarsa ba, tun da karnuka kan shiga barga da dare. Alamunta a doki suna da ruɗarwa: ƙin taɓawa, dalalar miyau, kasa haɗiya, tangaɗi, cizon jikinsa da kansa, wani sa'in ma sai ta yi kama da ciwon ciki. Abin da ya kwantar mini da hankali a bayaninka shi ne tsawon lokacin, domin dokin da haukan kare ya bayyana a jikinsa ba ya kai mako uku a tsaye yana cin dusa. Galibi yakan mutu cikin kwanaki kaɗan, da wuya ya wuce 10. Duk da haka, a kai yaron asibiti yau a duba raunin, a faɗa musu cewa doki ne ya cije shi kuma dokin ya sauya hali, su yanke shawara kan allurar tetanus da ta haukan kare. Ka'idar kowane cizon dabba ita ce a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. Haka kuma, kada kowa ya cusa hannu tsirara a bakin dokin nan kafin likita ya gan shi. Idan Allah ya ƙaddara ya mutu bagatatan, kada a feɗe shi; a sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi domin a aika da samfurin ƙwaƙwalwarsa gwaji, irin wanda ake yi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Cuta ta biyu da ba ta jira ita ce tetanus, ciwon sandarewar jiki, wadda doki yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da ita. Ƙwayar tana zaune a ƙasa da cikin kashin dabbobi, tana shiga ta rauni mai zurfi kamar na ƙusa a kofato, alamu kuma su fito bayan mako 1 zuwa 3. Dokin yakan tsaya ƙiƙam, kunnuwa a miƙe, hanci a buɗe, wutsiya a ɗage, muƙamuƙi ya riƙe, kuma ƙaramin motsi ko ƙara yana firgita shi. Akwai gwaji mai sauƙi: a tafa hannu kusa da shi ko a ɗan ɗaga haɓarsa, idan wani farin tantani ya fito daga lungun ido ya rufe rabin ƙwayar idon, to a nemi likita a wannan sa'ar. Allurar rigakafinta sau biyu ce da tazarar mako 4 zuwa 6, sai kuma ta tuni a kai a kai, kuma abin takaici ne yadda ake kashe kuɗi mai yawa wajen kayan adon doki a bar wannan allura mai araha.

Yanzu ga inda zatona ya fi ƙarfi, wato ciwo a cikin bakin dokin. Abubuwa biyu a wasiƙarka suka kai ni can: ciwon ya fara ne bayan hawa, kuma yana tauna harawa yana zubarwa alhali yana iya cin dusa mai laushi. Haƙoran doki ba irin namu ba ne, domin turamensa suna ci gaba da fitowa daga dasashi kusan duk rayuwarsa, kimanin milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna kuma tana cinye su. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka ba su goga juna daidai wa daida, sai gefen turamen sama da ke fuskantar kunci ya yi kaifi, na ƙasa kuma ya yi kaifi ta wajen harshe. Dokin da ke kiwo a fili yana tauna ciyawa sa'o'i da yawa a rana yakan goge wannan kaifin da kansa, amma namu da ke ɗaure a turke suna cin gero da dusa ba su samun wannan gugar yadda ya kamata. Kaifin yana yanka cikin kunci ya zama miki, kuma igiyar ragama tana bi ne daidai ta kan wannan wurin, tana danna kuncin a kan kaifin. Doki ba ya buƙatar a yi masa haka sau da yawa kafin ya gane cewa ganin ragama yana nufin zafi.

Sai kuma linzami, wanda dole in yi magana a kansa ko da ba za ta yi wa wasu mahaya daɗi ba. Linzaminmu na gargajiya, mai zoben da ke kewaye muƙamuƙin ƙasa da ƙarfen da ke tashi ya daki rufin baki, yana da ƙarfi ƙwarai, kuma shi ya sa doki ke iya tsayawa cak a wurin jahi bayan ya taho a guje. A hannun gwani mai sassauci ba ya cutarwa sosai, amma a ranar hawa, cikin hayaniya da ƙarar bindiga, musamman idan an ba wani aron dokin, fizga guda tana iya yanka harshe, ta ƙuje rufin baki, ko ta fasa ƙashin da ke filin nan marar haƙori inda linzami ke zama. Fata a wurin siririya ce, ƙashi yana nan kusa, kuma idan ɗan ɓallin ƙashi ya mutu a ciki sai ya riƙa ruwa yana wari, ba ya warkewa sai an cire shi. Ka tambaya ko wane ne ya hau shi ran Sallah, da wane linzami, kuma ko an ga jini a bakinsa bayan an sauka. Wasu dawakai kuma suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turmin farko na sama, wanda linzami ke bugawa. Cire shi aiki ne ƙarami ga likita. Da dokinka yana tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar da na ƙara da batun famfarar haƙoran nono, amma ɗan shekara shida ya wuce nan.

Haƙori yana iya tsagewa ko saiwarsa ta ruɓe, kuma saiwoyin turamen sama na can baya suna shiga cikin kogon ƙashin fuska, ta yadda ruɓar takan cika kogon da mugunya. Alamar ita ce majina mai kauri mai wari daga kafar hanci guda, wani lokaci da kumburi a ƙarƙashin ido. Ka sunsuni numfashinsa ta kowace kafa, ka kuma lura ko fuskarsa ta fi tudu a gefe guda. Duba bakin doki da gaske ba ya yiwuwa ta hanyar jan harshe a leƙa, domin turamen suna can ciki nesa. Sai an yi masa allurar kwantarwa, an sa ƙarfen buɗe baki, an wanke, an haska da tocila. Idan kaifi ne, da magagarin haƙori ake goge shi, kuma sau da yawa cikin mako guda mai doki yakan ga dabbarsa ta dawo yadda ya san ta.

Kunne shi ne wuri na biyu da zan duba, tun da ka ambaci na hagu. Kaska tana shiga can cikin kunne inda ido ba ya kaiwa, haka ma ƙananan ƙwari masu sa ƙaiƙayi, da ƙaiƙayin gero ko ƙarangiya da kan faɗa daga harawa. A wurare masu ruwan ban-ruwa kamar kewayen madatsar Bakolori akwai ƙananan ƙudaje baƙaƙe masu cizon cikin kunnen doki har ya yi ɓawon jini, kuma su ne ke yaɗa wata cuta mai fitar da fararen tabo masu kaushi a cikin kunnen. A nan ina da gargaɗi guda biyu. Kada a zuba kalanzir ko baƙin mai ko man fetur a kunnen doki, domin suna ƙona fata, kuma idan tantanin kunnen ya huje illar tana kaiwa ciki. Kada kuma a yi amfani da maganin kaskar shanu mai sinadarin amitraz a jikin doki ko kaɗan, domin yana tsayar masa da hanji har ya kai ga mutuwa. A karanta jikin kwalba kafin a taɓa doki da kowane maganin feshi. Ka kuma bincika a hankali ko wani ya murɗe masa kunne don a riƙe shi lokacin ɗaura kayan hawa, domin al'ada ce da ta yawaita, kuma murɗa guda mai tsanani ta isa ta sa doki gudun hannu na watanni. Idan ciwon ya kai kunnen ciki, ko gaɓar da ke haɗa ƙashin maƙogwaro da ƙoƙon kai a gindin kunne, za ka ga kai ya karkace, kunne guda ya faɗi, leɓe ya saki, ko ido ya kasa ƙiftawa, kuma wannan sai an kai shi babban asibiti.

Ƙeya, wato bayan kunnuwa inda igiyar ragama ke zama, tana da nata matsalolin. Ka ce yana ja da baya har igiya ta nemi tsinkewa, to wannan jan da kansa yana iya jawo sabon rauni a kan na farko, shi ya sa nake ba da shawarar a daina ɗaure shi da gajeriyar igiya a yanzu. Dokin da ya tashi tsaye ya faɗi ta baya, ko ya bugi ƙofar zaure da kansa, yana iya samun tsagewar ƙashi a gindin ƙoƙon kai, wadda kan zo da jini ta hanci ko ta kunne. Akwai kuma wata 'yar jakar ruwa a ƙarƙashin babbar jijiyar wuya a ƙeya da kan kumbura ta yi mugunya, kuma a wasu lokuta ƙwayar baƙƙale, cutar nan mai sa shanu ɓari, ita ce ke haddasa hakan, musamman ga dokin da ke kwana tare da garke. Wannan ƙwayar tana kama mutum, don haka ba a matse irin wannan kumburin da hannu. Idan kuma an yi masa allura a wuya kwanan nan a gida, a shafa wurin a ji ko akwai tauri da zafi, domin ƙurjin allura yana hana doki lanƙwasa wuya, sai a ɗauka kansa ne ba ya so a taɓa.

Ido ma abin dubawa ne, kuma mutane sukan manta da shi. Doki ba ya ganin abin da ke daf da goshinsa ko daidai bayansa, kuma idan ganin ido guda ya ragu, duk hannun da ya zo ta wannan gefen yakan zo masa ne kamar daga sama, sai ya firgita ko ya kai cizo. Ka duba ko idon hagu yana hawaye, ko yana runtse shi a rana, ko ya yi fari-fari kamar hakiya, ko gashin fatar idon ya sunkuya ƙasa fiye da na ɗayan. Ƙura da tsinken harawa suna ƙuje gilashin ido, kuma akwai wani kumburin cikin ido mai tafiya yana dawowa wanda yake cikin manyan dalilan makantar dawakai a duniya. Kada a ɗiga masa maganin idon mutane da aka saya a kemis, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin rage kumburi wanda, idan akwai ƙujewa, yake iya sa idon ya narke cikin kwanaki. Likita yana da wani rini mai launin kore da yake ɗigawa ya ga ƙujewar nan take.

Akwai wani ciwon jijiyar fuska da ke sa doki fizgar kai sama da ƙasa kamar ƙudan zuma ya shiga masa hanci, yana atishawa yana goga hanci a ƙafarsa, kuma ya fi tashi lokacin kilisa, ko cikin hasken rana mai ƙarfi, ko iska. Ba a tabbatar da shi sai an kawar da duk sauran dalilai, kuma wasu dawakan suna samun sauƙi idan an rataya musu 'yar raga a kan hanci. Bayaninka bai yi kama da shi ba, tun da naka gudun hannu yake yi a tsaye.

Saura cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwa ko jiki gaba ɗaya, waɗanda ba zan tsallake ba saboda inda kake zaune. Zazzaɓin Yammacin Nil, wanda sauro ke ɗauka daga tsuntsaye, yana sa leɓe da fuska su riƙa rawa, doki ya ƙi taɓawa, ya riƙa tangaɗi. Cutar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, tana zuwa da zazzaɓi da kumburin ramin nan da ke saman ido, har kai da wuya su kumbura. Sammore irin wanda raƙuma ke ɗauke da shi yana ramar da doki, a ƙarshe kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. A nan ma a yi hattara, domin allurar sammoren shanu mai sinadarin diminazin tana da haɗari ga doki idan ba likita ne ya auna ba. Masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar doki, har ya riƙa zagaye ko dafa kansa a bango, kuma abincin kaji ma bai dace da doki ba saboda wani maganin da ake sawa a cikinsa yana lalata masa zuciya. Mu a Zamfara kuma ba za mu manta da gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, dabbobi ma ba su tsira ba. Dalma tana shanye jijiyoyin maƙogwaron doki, sai ya riƙa gurnani in ya yi gudu, abinci yana sarƙe shi, yana ramewa. Idan harawarka ko ƙasar da ke bargarka ta fito daga inda ake niƙa dutsen zinariya, ka faɗa wa likita. Dukan waɗannan sukan zo da wata alama ban da gudun hannu, kamar zazzaɓi, rama ko tangaɗi, kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba.

Ga abin da za ka yi kafin likita ya iso. A cire linzami gaba ɗaya, a dakatar da hawa. A bar shi a barga mai inuwa da sarari, yara su daina shiga, mutum guda da ya saba da shi ya riƙa kula da shi, yana zuwa ta wajen kafaɗa yana yi masa magana. A jiƙa masa dusa, a yayyafa wa harawa ruwa ta yi laushi, a ajiye abincin a inda ba sai ya miƙa wuya da yawa ba. Idan akwai wanda ya iya, a auna zafin jikinsa safe da yamma a rubuta: na lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi kuma 8 zuwa 16. Ka ɗauki bidiyonsa da waya lokacin da yake tauna da lokacin da ake nufarsa da ragama ta hagu da ta dama, domin doki yakan ɓoye ciwonsa a gaban baƙo. Kada a ba shi maganin kashe zafi a ranar da za a duba shi, domin yana rufe alamun da likita ke nema, kuma kada a bari a ƙona masa baki ko ƙeya da ƙarfe mai zafi.

Ka fara da likitan dabbobi na gwamnati da ke kusa da kai, ka roƙe shi takamaimai ya kwantar da dokin ya duba baki har turamen ƙarshe, da filin da linzami ke zama, da cikin kunnuwa biyu, da idanu, da ƙeya. Idan bai ga komai ba, ko ya ga alamar tsagewar ƙashi ko ruɓar saiwar haƙori, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato shi ne mafi kusa da kai, akwai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Idan kuwa kafin nan ka ga tangaɗi, dalalar miyau, jini ta hanci, karkacewar kai, sandarewar jiki, ko ya daina shan ruwa, kada a jira gari ya waye.

Bayan an gano ciwon an yi magani, kada ka yi mamaki idan ya ci gaba da ɗaga kai na ɗan lokaci, domin tsoro yakan daɗe fiye da miki. A fara shafa shi daga kafaɗa zuwa wuya, a janye hannu tun kafin ya ɗaga kai, gobe a ɗan ƙara matsawa, har a kai ga kunne cikin mako biyu ko uku. A yi amfani da ragama mai laushi wadda ake ɗaurewa ta bayan wuya ba tare da an tura ta ta kan kunnuwa ba, kuma kada linzami ya koma bakinsa sai likita ya sake leƙawa ya tabbatar mikin ya rufe. Ka rubuto mini abin da aka gani a bakin da kunnen, Alhaji, sai mu san mataki na gaba.